TARIHIN KWALEJIN BAREWA TA ZARIYA

GABATARWA

Muna yi wa Allah godiya da ya kawo mu wannan rana ta bikin cikar Ikkilisiyarmu shekara 50. Sa'ad da kwamitin shirya wannan ɗan littafi ya zauna, dattawa suka ba da shawara cewa ban da tarihin Ikkilisiya da na waɗanda suka yi hidima a cikinta, ya kamata a keɓe shafi domin makarantun da suka goyi 'ya'yanmu cikin waɗannan shekaru. Gama an kafa Ikkilisiyar nan ne ba da daɗewa ba bayan gwamnati ta karɓi makarantun mishan a farkon shekarun 1970. A lokacin ne St. Paul's ta Wusasa ta zama Kwalejin Kufena, St. John's ta Kaduna ta zama Kwalejin Rimi, makarantar 'yan mata ta Kakuri kuma ta zama Kwalejin Sarauniya Amina. Saboda haka yawancin iyayenmu da ke zaune a kujerun gaba yau, makarantar gwamnati ce ta koyar da su.

Cikin makarantun gwamnati na garinmu mun zaɓi Kwalejin Barewa, domin ita ce babbarsu a suna. Da yawa cikinmu muna wucewa ta ƙofarta a hanyar Gaskiya ba tare da mun san abin da ta ƙunsa ba. Muna fata matasanmu za su karanta wannan tarihi da natsuwa, iyaye kuma su yi tunani a kan abin da ke ƙarshensa.

ASALINTA A KATSINA

Ba a Zariya aka haifi makarantar ba. An kafa ta a birnin Katsina a shekara ta 1921, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, kuma Gwamnan Nijeriya na lokacin, Sir Hugh Clifford, shi ya buɗe ta a ranar 5 ga Maris 1922. Sunanta a lokacin Kwalejin Horon Malamai ta Katsina. Turawan mulki sun ga cewa makarantun larduna da suka buɗe ba su da isassun malamai 'yan ƙasa, shi ya sa suka yi niyyar horar da samari waɗanda za su koma lardunansu su koyar. Aka zaɓi Katsina saboda sunan da ta yi tun zamanin dā wajen ilmi da malamai.

Ginin farko na ƙasa ne, irin na magina Hausawa, kuma yana nan har yau a matsayin gidan tarihi. Yara kuwa ana zaɓo su ne daga makarantun larduna, waɗanda suka fi ƙwazo cikin 'yan'uwansu. Babu mota a yawancin hanyoyi, don haka 'yan nesa da ƙafa suke zuwa, su yi kwana da kwanaki a hanya, ɗauke da 'yan kayansu. Karatun shekara 5 ne. Ana koyar da Turanci, da lissafi, da tarihi, da labarin ƙasa, da Larabci, da dabarun koyarwa. An matsa ƙwarai a kan furta Turanci daidai, har ya zamana ana gane ɗan Kwalejin Katsina da zarar ya buɗe baki. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda duniya ta san shi da daɗin murya, a nan ya koyi nasa.

Akwai gaskiya guda da ya kamata mu faɗa a fili. Kwalejin Katsina an kafa ta ne domin 'ya'yan Musulmi na ƙasashen sarakuna. Turawa sun yi wa sarakuna alkawari ba za su taɓa musu addini ba, sarakuna kuma suna ɗari-ɗari da makarantun mishan, don haka aka yi musu tasu dabam. 'Ya'yan Kirista na wancan zamani hanyarsu dabam take. Likita Mila ya fara aikin mishan a birnin Zariya a 1905, daga baya aka ƙaura zuwa Wusasa a 1929, kuma yaran da suka yi fice a makarantarsa, Kudu ake tura su domin ƙarin ilmi. Ta haka ne Dokta R. A. B. Dikko ya tafi King's College ta Ikko, daga can ya wuce Ingila, ya dawo ya zama likitan farko ɗan Arewa. Ke nan 'ya'yan gari ɗaya, masu harshe ɗaya, sun taso ta hanyoyi biyu da ba sa haɗuwa.

DAGA KATSINA ZUWA KADUNA, DAGA KADUNA ZUWA ZARIYA

Da tafiya ta yi tafiya, gwamnati ta ga tana bukatar ma'aikata a asibiti da gona da aikin gine-gine, ban da malaman makaranta. Sai aka faɗaɗa karatun, aka shigo da kimiyya, aka ɗaga darajar makarantar. A 1938 aka ɗauke ta daga Katsina zuwa Kaduna, hedkwatar Arewa, aka riƙa kiranta Kwalejin Kaduna. A can ta yi shekarun Yaƙin Duniya na Biyu. Malam Aminu Kano ya gama a can a 1942, Alhaji Shehu Shagari kuma a 1944.

A 1949 aka kawo ta Zariya, inda take har yau. Ta amsa sunan Makarantar Sakandare ta Zariya, daga baya Kwalejin Gwamnati ta Zariya, kafin a raɗa mata sunan Barewa a 1971. Barewa ita ce dabbar da ke jikin tambarin makarantar, takenta kuwa da Larabci yake, ma'anarsa wanda ya yi ƙoƙari zai samu. Tun daga Katsina har yau makarantar kwana ce ta maza. A 2021 aka yi bikin cikarta shekara 100.

YADDA HANYOYI BIYU SUKA HAƊU

A shekarun Zariya makarantar ta zama ta dukan lardunan Arewa. Yaro daga Sakkwato ko Barno yakan tarar da gadonsa kusa da na yaro daga Filato, ko Binuwai, ko Kabba, ko Adamawa. A nan ne hanyoyin nan biyu da muka ambata suka haɗu, ɗan limami da ɗan mai bishara suka zauna a benci ɗaya.

Wanda aka fi sani cikin 'ya'yan Kirista na wancan lokaci shi ne Yakubu Gowon. Iyayensa mutanen Angas ne daga Filato, mahaifinsa ma'aikacin mishan ne da ya zauna a Wusasa. Yakubu ya yi makarantar St. Bartholomew's, ya shiga kwalejin a 1950, ya gama a 1953. A makarantar da yawancin ɗalibanta Musulmi ne, shi aka ba shugabancin ɗalibai. Akwai kuma James Yakubu Pam, ɗan Birom daga Jos, wanda ya zama babban hafsa a soja, da Cif Sunday Awoniyi daga Mopa ta ƙasar Kabba, wanda ya yi aiki kusa da Sardauna, ya zama babban sakatare a gwamnatin tarayya, a ƙarshen rayuwarsa kuma ya shugabanci ƙungiyar tuntuɓa ta Arewa.

Ko da yake kowa yana riƙe da addininsa, kwano ɗaya suke ci, ƙararrawa ɗaya ke tashinsu, horo ɗaya ake yi musu. A makarantun gwamnati na Arewa, ɗaliban Kirista sun sami wurin zumunta a ƙungiyar FCS wadda aka kafa a Gindiri a 1957, 'yan'uwansu Musulmi kuma suna da MSS da aka kafa a Ikko a 1954. Da yawa daga cikin masu wa'azi da mawaƙanmu na yau, a FCS ta makarantar gwamnati suka fara tsayawa gaban jama'a.

KARATU DA JARRABAWA

Shiga Barewa a dā ba abu ne mai sauƙi ba. Sai yaro ya yi fice a makarantar midil ta lardinsa kafin a ɗauke shi. Da ya shiga za a ba shi lamba, kuma lambar nan ta zama tasa har mutuwa, gama tun daga ɗalibin farko a Katsina ake jera ta ba a yanke ba. Ahmadu Bello shi ne mai lamba 87, Abubakar Tafawa Ɓalewa 145, Shehu Shagari 394, Yakubu Gowon 783. Har yau idan tsofaffin ɗalibai suka haɗu, da lamba suke sanin babba da ƙarami, kuma mai ƙaramar lamba ake girmamawa ko da ɗayan ya fi shi muƙami ko dukiya.

A zamanin Turawa ɗalibai suna ɗaukar jarrabawar Kambirij ta Ingila. Bayan an kafa hukumar jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wato WAEC, a 1952, sannu a hankali jarrabawar ta koma hannunta. Daga baya aka ƙara aji na shekara 2 domin babbar takardar shaida ta HSC, wadda da ita ake shiga jami'a kai tsaye. Wannan aji ne ya kawo Umaru Musa 'Yar'aduwa Barewa bayan ya gama Kwalejin Gwamnati ta Keffi, ya karɓi takardarsa a 1971. An kafa hukumar JAMB a 1978, a shekarun 1980 kuma aka koma tsarin 6-3-3-4, wanda ya raba sakandare gida biyu, ƙarama da babba. Tun daga 2000 aka sami jarrabawar NECO ban da ta WAEC.

Makarantar ta yi suna a lissafi da kimiyya. Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, ɗanta ne, haka ma Farfesa Jibril Aminu, likitan zuciya. A fannin shari'a ta ba ƙasa manyan alƙalai biyu da suka shugabanci Kotun Ƙoli bi da bi, wato Mai Shari'a Muhammadu Bello daga 1987 zuwa 1995, da Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais daga 1995 zuwa 2006.

Harshen Hausa da muke karatu da shi ma ya ci moriyarta. A gasar rubuta littattafai da Dokta East ya shirya a 1933, Abubakar Imam ya rubuta Ruwan Bagaja, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar, dukansu biyu 'yan Kwalejin Katsina ne. Malam Bello Kagara, malami a kwalejin kuma yayan Imam, ya rubuta Ganɗoki. A tare da su aka buga Jiki Magayi, wanda John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da Dokta East. Tun kafin yaranmu su haɗu a aji, alƙalumansu sun riga sun haɗu a Zariya.

GIDAJE, WASANNI DA ƘUNGIYOYI

Rayuwar ɗan makarantar kwana a gidansa take. Gidajen Barewa suna ɗauke da sunayen mutanen da suka taka rawa a tarihin makarantar da na ilmi a Arewa. Akwai gidan Lugard, da na Clifford, da na Ɗan Hausa, da na Malam Smith, da na Bieneman, da na Mort, da na Nagwamatse, da na Bello Kagara, daga baya aka ƙara na Ja'afaru da na Suleiman Barau. Ɗan Hausa shi ne Hanns Vischer, wanda ya fara zuwa ƙasar nan a matsayin ɗan mishan kafin ya shiga aikin gwamnati, ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909. Ja'afaru Sarkin Zazzau ne, a zamaninsa aka kawo makarantar Zariya. Suleiman Barau kuwa Sarkin Abuja ne, wadda ake kira Suleja yanzu, kuma tsohon ɗalibin Katsina.

Ba a raba yara gidaje bisa ga gari ko addini. Kowane gida yana da malamin da ke lura da shi, da kyaftin daga cikin manyan ɗalibai. Waɗanda suka yi makarantar kwana a wancan zamani sun san tsarin: tashi da asuba, shara da wanka, aji, abinci, wasa da yamma, karatun dare, sa'an nan a kashe fitila. Ranar duba tsabta kuwa kowa sai ya gyara gadonsa da kayansa, domin laifin mutum ɗaya yakan jawo wa gida duka asarar maki.

Wasanni suna da babban matsayi tun daga Katsina. A can aka yi fice a kurket da wasan Fives, wanda ake buga ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango. Sardauna gwani ne a wannan wasa, bai kuma bar shi ba har bayan ya zama Firimiya. A Zariya ana ƙwallon ƙafa, da hoki, da dambe, da guje-guje da tsalle-tsalle, ana kuma gasa tsakanin gidaje. Gowon shi ne golan makaranta a zamaninsa, ya kuma yi suna a tseren dogon zango, da tsalle da sanda, da dambe. A filin wasa ba a tambayar yaro inda yake sujada, abin da ake so ya ci wa gidansa kofi.

Ban da wasanni akwai muhawara da wasan kwaikwayo, inda yara suke koyon magana a gaban jama'a. Akwai kuma horon kadet, wanda ya ja hankalin samari da yawa zuwa aikin soja a shekarun 1950. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, wadda aka sani yau da BOBA, ta samo asali tun 1939 a Kaduna, kuma ta sha ɗaukar nauyin gyare-gyare a makarantar.

WAƊANDA TA YAYE

Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Mutum 5 daga cikin waɗanda suka riƙe ragamar Nijeriya a nan suka yi karatu: Tafawa Ɓalewa, Firayim Minista daga 1957 zuwa 1966, Janar Gowon daga 1966 zuwa 1975, Janar Murtala Muhammed daga 1975 zuwa 1976, Alhaji Shehu Shagari daga 1979 zuwa 1983, da Umaru Musa 'Yar'aduwa daga 2007 zuwa 2010. Ga kuma Sardauna, Firimiyan Arewa daga 1954 zuwa 1966.

Abin lura ga matasanmu shi ne yawancin na farkon nan da alli suka fara. Ahmadu Bello da Shehu Shagari sun koyar a Midil ta Sakkwato, Ɓalewa da Aminu Kano a ta Bauci, Abubakar Imam a ta Katsina. Ba su raina aikin malanta ba, daga aji aka kira su zuwa manyan ayyuka.

Kada kuma a ɗauka makarantar ta mai da su masu ra'ayi ɗaya. Malam Aminu Kano da jam'iyyarsa ta NEPU sun yi hamayya mai zafi da NPC ta Sardauna. Juyin mulkin da ya sauke Gowon a 1975, Murtala ya ɗora. Sun yi saɓani mai tsanani, amma sun san juna tun ƙuruciya, kowa ya san halin ɗan'uwansa da gidan da ya fito.

Ranar 15 ga Janairu 1966 rana ce ta baƙin ciki ga makarantar. A juyin mulkin wannan rana aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa, aka kuma kashe manyan hafsoshi 4 'yan Arewa: Birgediya Zakariya Maimalari, Kanar Kur Muhammed, Laftanar Kanar Abogo Largema, da Laftanar Kanar James Yakubu Pam. Dukansu 6 tsofaffin ɗaliban wannan makaranta ne, 5 Musulmi, 1 Kirista. Makaranta ɗaya ta yaye su, dare ɗaya ya ɗauke su. Wanda nauyin ƙasa ya faɗa wa bayan wata 6 shi ma ɗanta ne. A ganinmu, sa'ad da gwamnatin Gowon ta kafa shirin bautar ƙasa a 1973 domin matasa su zauna cikin mutanen da ba nasu ba, darasin ɗakin kwanan ɗalibai ne aka shimfiɗa wa ƙasa duka.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

'Yan'uwa, cikin shekara 50 na Ikkilisiyar nan mun ga kwanaki masu wuya. Waɗanda suke da wayo a watan Maris 1987 ba su manta da rikicin da ya taso daga Kafancan ya iso Zariya ba. Bayansa an yi waɗansu, kuma kowane ɗaya yakan bar unguwanni a rabe fiye da yadda ya same su. Duk da haka akwai iyalai a cikinmu da za su shaida cewa a ranar tsanani, wanda ya buɗe musu ƙofa ko ya aiko a tambayi lafiyarsu, abokin makaranta ne daga ɗaya addinin.

Yau yawancin masu hali a cikinmu makarantun kuɗi suke kai 'ya'yansu, maƙwabtanmu ma haka, kowa da irin tasa. Ba mu ga laifin iyaye ba, gama kowa ya san halin da makarantun gwamnati da yawa suka shiga na cunkoso da ƙarancin kayan aiki. Amma sai mu tambayi kanmu: idan yaro ya tashi daga firamare har jami'a bai taɓa cin abinci kwano ɗaya da ɗan maƙwabcinsa ba, wa zai buɗe masa ƙofa a ranar tsanani? Ban da wannan, 'ya'yan gwauraye da marayu da masu ƙaramin ƙarfi na Ikkilisiyarmu, makarantar gwamnati ce kaɗai gatansu. In ta lalace, su ne za su fara shan wahala.

Saboda haka muna roƙon iyayen da ke da yara a makarantun gwamnati su riƙa halartar taron iyaye da malamai, kada su bar wa waɗansu. Tsofaffin ɗalibai na Barewa, da na Kufena, da na sauran makarantu, su shiga ƙungiyoyinsu su biya abin da ya wajaba. Malamai 'yan Ikkilisiyarmu da ke koyarwa a can su riƙe aikin da aminci, su kula da kowane yaro ba tare da tambayar sunansa ko addininsa ba. Ƙungiyar Mata Zumunta da ta matasa kuma su sa ido a kan yaran da ba su da kuɗin jarrabawa ko littattafai, domin kada wani ya zauna a gida saboda abin da za mu iya haɗawa a Lahadi ɗaya.

KAMMALAWA

Makarantar da aka fara da ginin ƙasa a Katsina domin horar da malamai ta haura shekara 100, tana nan a garinmu, ana ci gaba da jera lambobinta. Addu'armu ita ce sa'ad da jikokinmu za su yi bikin cikar Ikkilisiyar nan shekara 100, su sami 'ya'yansu cikin masu riƙe da waɗannan lambobi, tare da 'ya'yan maƙwabtansu. Allah ya albarkaci malamai da ɗalibai, ya ba garinmu da ƙasarmu salama. Amin.

Kwamitin Tarihi na Bikin Jubili